Babi na Bakwai: Ido Ba Mudu Ba

Gwaggona ta shafe fiye da shekara talatin tana karɓar haihuwa a Fakku ta jihar Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta ɗora hannu a kan ciki za ta gaya maka ko kan ɗa ya juyo ko da saura, kuma da wuya ta kuskure. Wata shekara da na je gida hutun babbar salla, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar tana tsintar wake, sai na tambaye ta yadda take gane jinin mai jego ya wuce misali.

Ta ce, "Ɗana, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In na ga zane biyu sun jiƙe sharkaf, yarinya ta shiga hamma tana kiran a ba ta ruwa, to na san akwai magana."

Ban ce komai ba a lokacin. Daga baya na fahimci cewa hamma da ƙishirwa da jiri da sanyin tafin hannu alamu ne da ba sa fitowa sai an yi nisa. Jikin mace mai ƙuruciya yana iya ɓoye asarar jini na ɗan lokaci: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, ita kuma tana kwance tana amsa barka. Kafin awon hawan jini ya faɗi, abin da ya zuba ya riga ya yi yawa. Karin maganar nan ta ido da mudu gaskiya ce a kasuwar Kebbe, inda mai awo zai dubi tarin gero ya faɗi tiya nawa ne ya kusa dacewa. A ɗakin haihuwa kuwa ido yana cin amanar mai shi, kuma ba ya bambanta ungozomar ƙauye da likitan da ya yi shekara goma sha yana karatu. Jini yana shiga zane, katifa ta tsotse, ƙasa ta sha, ya gauraya da ruwan haihuwa. Binciken da aka sha yi a ƙasashe daban-daban ya nuna masu kiyasi da ido suna rage adadin, kuma gwargwadon yawan jinin, gwargwadon girman kuskuren.

A ƙarshen goyon ciki, jinin da ke ratsa mahaifa a cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Da zarar mabiyiya ta rabu, sai ta bar jijiyoyi a buɗe, kuma abin da ke rufe su shi ne mahaifar kanta ta dunƙule ta yi tauri, ta matse su. In ta saki jiki ta ƙi dunƙulewa, wanda shi ne sanadin mafi yawan zubar jini bayan haihuwa, mace na iya rasuwa cikin awa biyu. Mai ƙarancin jini tun tana da ciki, irin wadda zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa suka tatse, ba ta ma kai wannan lokacin. Ma'aunin da likitoci suka daɗe da ajiyewa shi ne mililita 500. Wanda bai saba da lissafin asibiti ba, ya tuna ledar fiya-wata guda, ita ke nan. Leda biyu kuwa, an shiga mummunan haɗari. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan miliyan 14 ke fuskantar wannan a kowace shekara, kimanin 70,000 kuma su rasu. A rahotonta na 2023 ta ce a shekarar 2020 kaɗai Nijeriya ta rasa mata kusan 82,000 ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

Ƙirga irin wannan mutuwar a ƙasar Hausa da gaske, a iya cewa a Zariya aka fara shi. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere, ba su tsallake ko ɗaya ba, aka wallafa sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne mutuwa ta fi tattaruwa a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya ɓaci. Kowa a asibitin yana ganin haka da idonsa tun kafin binciken, amma sai da aka zuba shi a lissafi sannan ya zama hujjar da za a iya ɗorawa a teburin mai mulki.

Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka, wata da ta yi karatun likita a wannan jami'ar ta Zariya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, ta jagoranci ɓangaren Nijeriya na wani bincike mai suna E-MOTIVE. Jami'ar Birmingham ta Ingila ce ta tsara shi ƙarƙashin Farfesa Arri Coomarasamy, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'o'in ƙasashen da aka yi aikin. Asibitoci 80 aka ɗauka a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a Nijeriya, aka bi haihuwar mata fiye da 210,000.

Na san kalmar gwaji ba ta da daɗin ji a arewa, kuma da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano a binciken da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Tabon bai goge ba, kuma ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna da aka yi a 2003. Don haka ya kamata a faɗa tun da wuri: a binciken da muke magana ba a ɗura wa kowace mace sabon magani ba. Duk abin da aka yi amfani da shi sananne ne, yana cikin littafin kowane ɗalibin likita. Abin da aka gwada shi ne lokacin da ake ganewa, da yadda ake jera aikin.

Kayan aikin farko wata leda ce mai araha. Ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mace da zarar ɗa ya fito, ƙasanta kuma akwai aljihu mai siffar mazurari da aka yi wa layuka na awo. Jinin da da zai ɓace cikin zane sai ya gangara ya taru inda za a karanta shi. Ma'aikaciya tana dubawa duk bayan minti 15 a cikin awar farko, tana taɓa mahaifa, tana auna bugun zuciya da hawan jini. In ya kai layin 500, ko ya kai 300 tare da wata alamar da ba a yarda da ita ba, babu sauran jira.

Abu na biyu shi ne a yi komai a tare. Yadda aka saba, sai a murza ciki a jira a gani. In bai tsaya ba a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta dunƙule, a sake jira. In bai tsaya ba a aika miji ya sayo wani maganin a kemis ɗin bakin asibiti, shi kuma ya tsaya neman rance. Kowane jira yana cin minti goma ko ashirin na rayuwar da ba ta da su. Sabon tsarin ya ce a murza mahaifa, a ba da oksitosin, a ba da taranezamik mai hana gudan jini narkewa, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, duk a zama ɗaya, in abin ya ƙi a kira babba nan take. Aka kuma tanadi akwati ko keken turawa da komai ke ciki, don kada a tsaya neman makullin sito da tsakar dare.

Shi wannan taranezamik yana da nasa labarin. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, su suka samar da shi a farkon shekarun 1960, kuma burin matar tun farko shi ne a yi amfani da shi ga masu jego. Likitocin mata na ƙasarta ba su saurare ta ba. Sai a 2017 wani babban bincike da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan ta jagoranta, wanda ya ƙunshi mata 20,060 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna cewa in an ba da shi cikin awa uku da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Utako ta rasu a 2016, shekara guda kafin a sanar.

To, ta yaya za a tabbatar cewa ledar da haɗa magungunan ne suka yi aiki, ba sa'a ba? Manomin da yake son ya san ko sabon taki na da amfani ba zai zuba shi a fadama ya hana tudu ba, sannan ya ce ya ga bambanci. Dole gonakin su yi kama, kuma kada son ransa ya zaɓi wadda za a bai wa. Masu binciken suka bar dukkan asibitocin suna aiki yadda suka saba har wata bakwai, ana dai tara jinin kowace haihuwa a leda marar layi ana ɗora shi a sikeli. Sannan aka jefa ƙuri'a: rabi suka koma sabon tsari, rabi suka ci gaba da na da, aka sake ƙirgawa wata bakwai. Asibitoci aka yi wa ƙuri'ar, ba mata ɗaya-ɗaya ba, saboda ma'aikaciyar da ta koyi abu a gadon dama ba za ta mance shi ba in ta juya gadon hagu.

A watan Mayu na 2023 mujallar New England Journal of Medicine ta fitar da sakamakon. Abin da aka sa wa ido shi ne ɗaya daga cikin uku: zubar da lita guda ko fiye, ko kai mace tiyata don a tsayar da jini, ko mutuwa ta dalilinsa. A asibitocin da suka tsaya kan tsohon tsari, hakan ya sami mata 43 a cikin kowace 1,000. A na sabon tsari, 16. Ragin wajen kashi 60 cikin 100 ke nan. Amma lambar da ta fi tsaya mini a rai wata ce. A asibitocin da ido ke kiyasi, kashi 61 cikin 100 na masu zubar jinin kawai aka gane. Ma'ana, a cikin mata goma da sikeli ya tabbatar sun wuce ƙa'ida, huɗu ba wanda ya lura, alhali ƙwararru na tsaye a kansu. Inda aka sa leda mai layi, an gane kashi 93. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da auna jini da haɗa magungunan cikin shawarwarinta, a 2024 kuma mujallar Time ta sa Farfesa Galadanci cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya.

A yi adalci, binciken yana da iyaka. Waɗanda suka rasu a ɓangarorin biyu ba su da yawan da za a ce lissafi ya tabbatar da ragin mutuwa shi kaɗai. Abin da ya tabbata shi ne ragin zubar jini mai tsanani, wanda shi ne hanyar mutuwar. Bai haɗa da waɗanda aka yi wa fiɗa aka ciro ɗa ba. Kuma an yi shi ne a asibitocin da ke karɓar haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu biyar a shekara.

Wannan na ƙarshen shi ya dawo da ni Fakku. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a jihar Sakkwato ko mace ɗaya cikin goma ba ta haihuwa a asibiti. Sauran suna durƙusawa ne a ɗaki, mai haihuwar fari a gidan iyayenta, wata ma ita kaɗai saboda kunya, sai an ji kukan jariri sannan a aika a kira ungozoma ta yanke cibi. Jini kuwa, a wurinmu abin da ake so ne ya fita. Tsofaffi na cewa dattin ciki ne, in ya zauna shi ke kawo ciwon mara, har in ya yi ƙaranci a dama abu mai zafi a ba ta don ya sauko. To a gidan da ake maraba da jini, wa zai fara cewa ya isa? In kuma an yarda ya isa, sai a nemi izinin maigida, a nemi mota, a nemi kuɗin mai. Daga nan Kebbe, in abin ya fi ƙarfinsu Tambuwal, in ana neman jini da tiyata a miƙe kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato. A 'yan shekarun nan ma direba yakan yi nauyin ƙafa da dare saboda 'yan bindiga. Awa biyun nan da na ambata takan ƙare tun ba a hau kwalta ba.

Binciken da ya fi kusa da ɗakin gwaggona shi ne wanda aka yi a 2009 a wasu garuruwa biyar na kewayen Zariya, haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da Dakta Clara Ejembi da Dakta Ndola Prata. Ba su jira mata su zo asibiti ba. Sun zauna da masu gari da malamai da mazaje, suka horar da ungozomomi, aka zaɓi amintattun mutane a unguwa aka ajiye musu ƙwayar misoprostol. Oksitosin allura ce, tana son firji, zafin Sakkwato na watan Afrilu kuwa yana rage mata ƙarfi in an bar ta a kanta. Ita miso ƙwaya ce, ba ruwanta da wutar lantarki. Guda uku ake sha da zarar ɗa ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki. Takan sa rawar ɗari da ɗan zazzaɓi, su wuce. Haɗarinta shi ne a sha ta tun ɗa na ciki don a gaggauta naƙuda, wanda kan iya fasa mahaifa, shi ya sa rabin aikin ya tafi a kan bayani. Don awo kuma suka ɗauki moda, wadda kowace mace ke ɗiban ruwa da ita a randa, suka ce in jini ya kai cikinta a tashi. Dakta Prata ta taɓa yin irin wannan dabara a Kigoma ta Tanzaniya, inda aka auna aka ga zane biyu na kanga in sun jiƙe sun ɗauki wajen rabin lita. Ashe zane biyun gwaggo ba su yi nisa da gaskiya ba, sai dai zane suna suka tara: atamfa daban, tsohon tsumma daban.

A 2013 gwamnatin jihar Sakkwato ta ɗauki wannan hanya, ta fara raba miso tare da man kulohezidin na shafa wa cibi ta hannun masu ajiya a mazaɓu, da tallafin wani shiri na Amurka. Ita ce jihar farko a Nijeriya da ta yi haka a faɗin jiha.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ina son mata su haihu a asibiti, kuma duk asibitin da ke karɓar haihuwa, daga na Kebbe har na koyarwa, bai kamata ya rasa ledar nan ba, don kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin ledar jini guda ba. Amma jami'ar da ta tsaya kan mace ɗaya cikin goma ta bar tara a baya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa da sashen lafiyar al'umma da ɗalibai 'yan asalin waɗannan garuruwa, masu jin harshen tsofaffi. Tambayoyin da ke jiransu ba sa buƙatar na'ura mai tsada. Leda mai layi za ta yi aiki ga mace durƙushe a kan gwiwa, ko sai kwance a gado? In ungozoma ta ga layi ya cika, maganarta za ta sa maigida ya miƙe da sauri fiye da in ta ce jikina bai ba ni ba? Ƙaramin asibitin mazaɓa mai ma'aikaciya ɗaya zai iya yin abu biyar a tare? Ana iya jefa wa mazaɓu ƙuri'a kamar yadda aka jefa wa asibitoci, muddin an zauna da mutane an faɗa musu gaskiyar abin da ake yi, kuma in an gama an dawo an gaya musu abin da aka gano. Wannan dawowar ce masu bincike suka fi mancewa.

Da na sake komawa gida na sayi fiya-wata biyu a bakin tasha. Na roƙi gwaggo tsohon zane, na shimfiɗa a ƙasan ɗakinta, na fasa leda ɗaya a kai. Muna kallo zanen ya sha, ƙasa ta janye saura. Bayan ɗan lokaci abin da ya rage bai wuce danshi mai faɗin faifai ba.

Ta ce, "Duka ka zuba?"

"Duka, Gwaggo."

Ta daɗe tana duban wurin. Ta ce ta sha ganin wanda ya ninka wannan ta ce ba komai, ta ambaci wata da ta rasu shekarun baya a wani ƙauye gabas da mu, ta yi mata addu'a, ba ta ƙara ba. Sannan ta sa jikarta ta ɗauko modar randa. Na juye leda ta biyu a ciki, sai ga shi ruwan bai kai baki ba, saura kamar yatsa biyu, don modarta irin babbar nan ce. Ta ce ai ka ga, da na jira ta cika. Ta ɗauki ƙusa ta karta layi daidai inda ruwan ya tsaya, ta zagaya shi sau biyu don ya fito.

Na ce mata jinin da zane ya sha ba zai juyu a moda ba. Ta harare ni, ta ce ita ma ta sani, ba yau aka haife ta ba. Ta ce in zan dawo in taho mata da leda mai kauri, irin wadda ake rufe buhunan taki da ita da damina, kamu huɗu, kuma fara, don baƙa ba ta nuna jini da fitilar hannu.